Haɗa akwatin taima domin injin ruwan gona

Tambayar ta zo ne daga wani manomi mai lambun albasa da tattasai a yankin Kware. Ya ce yana da rijiyar burtsatse da sumo, wato injin ruwan da ake zurawa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi a kan wuta mai layi ɗaya, da tanki mai cin lita 5,000. Gonar tana da nisa da gida, wutar kuma ba ta da lokacin zuwa. Ya sayi ƙaramar taima, wato agogon da ke kunna wuta ya kashe ta a lokacin da aka saita masa, irin wadda ake cusawa a soket, an rubuta 16A a jikinta, yana so ya sani ko zai iya jona sumon a kanta kai tsaye tun da injin bai kai amfiya 16 ba. In kuma hakan ba zai yiwu ba, yana neman a gaya masa kayan da zai saya da yadda zai haɗa akwatin da kansa.

Malam, Allah ya sa albarka a noman. Amsar kashin farko na tambayarka ita ce kada ka jona sumon a kan taimar nan kai tsaye, ko da kwana ɗaya ne. Amfiya 16 da aka rubuta a jikinta lissafi ne na kayan da ba su da koyil mai juyawa, irin su hita da dutsen guga, waɗanda wutar da suke ja a farko ba ta da nisa da wadda suke ja a ƙarshe. Inji ba haka yake ba. Sumo mai doki ɗaya da rabi yakan ja tsakanin amfiya 8 da 10 idan yana cikin aiki, amma a daidai lokacin da zai tashi yakan fizgi ninki biyar ko shida na wannan, wato abin da ya kai arba'in zuwa sittin, na ɗan ƙanƙanen lokaci. Haka kuma idan aka yanke masa wuta, koyil ɗinsa yakan mayar da tartsatsi a bakin makunnin da ya yanke shi. Bakin da ke cikin taima ɗan siriri ne ƙwarai, kuma wannan tartsatsin yana cinsa kullum har ya kai ga ɗayan abu biyu: ko dai ya ƙone ya daina kunnawa, ko kuwa ya narke ya manne. Na biyun ne abin tsoro, domin idan ya manne injin zai ci gaba da aiki bayan lokacin tsayawa ya wuce, tanki ya yi ta ambaliya, rijiya ta ƙafe, sumo ya ƙone, alhali kana gida kana zaton komai lafiya.

Ka ɗauki taima a matsayin ɗan aike, kontakta kuma shi ne ɗan dako: ɗaya saƙo yake kaiwa, ɗaya kuma kaya yake ɗauka. Kontakta makunni ne babba mai maganaɗisu, wanda idan aka ba ƙaramin koyil ɗinsa wuta sai ya ja manyan bakuna su haɗu, wutar inji ta wuce. Koyil ɗin nan wutar da yake ci ba ta kai amfiya ɗaya ba, saboda haka taima za ta yi shekaru tana kunna shi ba tare da ta gaji ba. Sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda nake so ka riƙe shi tun kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya. Taima lokaci kaɗai ta sani. Ba ta san ko wuta ta zo da rauni ba, ba ta san ko ruwan rijiya ya ja baya ba, ba ta san ko yashi ya riƙe injin ba. A da, lokacin da kai ko yaronka kuke kunnawa da hannu, kunnenku da idonku ne suke wannan aikin: in kun ji ƙarar ta canja ko kun ga ruwa ya ragu sai ku kashe. Ranar da ka ɗora taima ka cire mutum daga wurin, dole ne akwatin ya ɗauki aikin mutumin nan gaba ɗaya. Don haka mafi yawan kuɗin da za ka kashe na kariya ne, taimar ita ce mafi araha a cikin kayan.

Ka fara da karanta farantin injin, ko kwalinsa idan ya riga ya shiga rijiya, ka rubuta amfiyar da aka ce yana ja da bolt ɗinsa. Duk lissafin akwatin a kan wannan adadin yake, kuma kada ka dogara da abin da mai shago ya faɗa da baki game da dokin inji. Zan ɗauka a nan cewa naka amfiya 9 ne a kan bolt 230, in ya bambanta sai ka gyara.

A bakin shiga akwai bireka mai baki biyu, wadda ke yanke wayar wuta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, tare. Ka duba harafin da ke gaban lambarta. Mai harafin B tana faɗuwa nan take idan wuta ta kai ninki uku zuwa biyar na lambarta, don haka tashin inji kan iya kayar da ita ba tare da wani laifi ba. Mai harafin C sai an kai ninki biyar zuwa goma, ita ce ta dace da kai, C16 ko C20. Ka sani kuma cewa irin waɗannan bireka a ma'aunin zafi 30 ake gwada su a masana'anta, alhali a nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura 40 ko a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka. Bireka mai zafi tana faɗuwa da wuri, shi ya sa na fi son C20 a kan waya mai kauri 4mm². Aikin bireka kare waya ne daga gobara idan wayoyi suka haɗu, ba ita ce mai kare inji ba, ko da yake mutane da yawa suna zaton haka.

Bayan bireka sai na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa zuwa ƙasa, wadda ake rubuta RCD ko ELCB a jikinta, mai lamba 30mA. Wannan ta kare rai ce. Wurin da ake aiki da ruwa, ƙafa babu takalmi, hannu a jiƙe, wutar da ba ta isa ta kunna ƙwan fitila ba tana iya tsayar da zuciyar mutum. Idan ka saka ta ka ga tana yawan faɗuwa, kada ka bari wani ya ce maka a cire ta don tana da fitina. Mafi yawan lokaci abin da take gaya maka shi ne ruwa ya shiga mahaɗar wayar sumo a cikin rijiya, kuma gwamma ka sani yanzu da ka sani bayan wani ya taɓa bututu.

Game da kontakta, za ka ga lambobi biyu a jikinta, AC-1 da AC-3. Ta farko babba ce, ita mai sayarwa zai nuna maka, amma ta kayan hita ce. Ta inji ita ce AC-3. Ga inji mai amfiya 9 ka nemi mai amfiya 18 a AC-3, saboda zafin garinmu da raunin wuta suna buƙatar a bar sarari. Ka tabbata an rubuta bolt 220 zuwa 240 a kan koyil ɗinta, domin akwai masu bolt 24 da 110 da 380 waɗanda kamanninsu ɗaya ne daga waje. A ƙarƙashin kontakta ake ɗaura obalod, shi ne mai kare koyil ɗin inji daga ƙonewa. A cikinsa akwai ƙarafa masu lanƙwashewa idan sun yi zafi, kuma idan inji ya daɗe yana jan abin da ya wuce ƙa'ida sai su buɗe wani ƙaramin baki su kashe kontakta. Ka sayi wanda iyakarsa ta ƙunshi amfiyar injinka, misali mai 7 zuwa 10, ka murɗa shi daidai kan 9. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa mai harafin H da A. Ka bar shi a H, wato idan ya faɗi sai mutum ya zo ya danna. Idan ka sa shi a A, da ya huce zai sake kunna injin, ya sake faɗuwa, ya sake kunnawa, har gari ya waye koyil ya dahu. Inda babu mai tsaro, faɗuwar obalod saƙo ne da ya kamata ya jira ka.

Akwai wata dabara a nan da masu haɗawa kan manta. Obalod na layi uku aka ƙera shi, kuma da yawa daga cikinsu sukan faɗi idan suka ji wani baki babu wuta a cikinsa, domin a wurinsu layi ɗaya ne ya ɗauke. Tun da taka wutar mai layi ɗaya ce, dole ka bi da ita ta dukan bakuna uku. Wayar wuta ta shiga L1 a saman kontakta, ta fito T1 a ƙasan obalod, ka zagayo da ita ta sake shiga L2, ta fito T2 ta nufi inji. Nutural kuma ta shiga L3 ta fito T3. Daga T2 da T3 ne wayoyi za su tafi ƙaramin akwatin kafasita da ya zo da sumon, wanda zai ci gaba da zama a wurinsa. Ka duba irin wannan akwatin da kyau. Idan mai makunni ne da ake barinsa a kunne, babu matsala. Idan kuwa irin wanda sai an danna koren maɓalli an riƙe kafin inji ya tashi ne, taima ba ta da yatsan da za ta danna shi, kuma in ka ba shi wuta haka nan injin zai tsaya yana gurnani. Irin wannan sai an canja shi da mai tashi da kansa.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi kashe injuna a gonakinmu, wato wuta mai rauni. An ƙera inji ne ya yi aiki a kan bolt 230, da rangwamen kashi goma cikin ɗari sama ko ƙasa, wato daga 207 zuwa 253. A ƙarshen layin da ya yi nisa da taransifoma, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa, wuta takan sauka ƙasa da haka sosai. Nauyin ruwan da inji ke ɗagawa bai ragu ba, don haka idan bolt ya sauka sai ya ƙara jan amfiya, koyil ya yi zafi. Masu harkar injuna suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin zafi na maki 10 a kan abin da aka ƙayyade yana rage rabin rayuwar rufin koyil. Ita ma kontakta ba ta tsira ba, domin koyil ɗinta yana buƙatar aƙalla kashi 85 cikin ɗari na bolt ɗinsa kafin ya ja da kyau. Ƙasa da haka sai ta riƙa karkarwa tana kamawa tana saki, bakunanta suna tartsatsi, injin kuma yana tashi yana faɗuwa sau da yawa cikin daƙiƙa kaɗan. Maganin wannan shi ne na'urar tsaron bolt, wadda ake saita mata iyakar sama da ta ƙasa. Ka sa ta sama a 250. Ta ƙasa kuwa, idan ka sa 207 mai yiwuwa injinka ya yi ta zama babu aiki, don haka ni nakan yarda a sauko zuwa 195, amma ban yarda a wuce nan ba. Na'urar tana da jinkirin kunnawa, ka saita shi minti uku zuwa biyar. Amfanin jinkirin biyu ne: wutar da aka dawo da ita takan yi rawa a mintunan farko, sa'an nan ruwan da ke cikin bututu idan inji ya tsaya yakan koma ƙasa yana juya famfon da baya, kuma kunna shi a wannan halin yana wahalar da shi ƙwarai.

Wani ɓangare na raunin wutar kuma mu ne muke jawo shi da siririyar waya. Wayar tagulla mai 2.5mm² tana zubar da kusan bolt 18 a kowace mita 100 idan amfiya 10 ke bi ta cikinta. Mai 4mm² tana zubar da kusan 11, mai 6mm² kuma kusan 7. Ka auna nisan daga mitar wuta zuwa akwati, ka haɗa da nisan akwati zuwa bakin rijiya da zurfin da sumo yake. Idan jimlar ta kai mita 100 kuma wutar da ke zuwa maka 210 ce, siririyar waya za ta kai wa injin 192 kawai. A irin wannan nisan kada ka sauka ƙasa da 4mm², in da hali ma 6mm². Wajen saye ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki to alminiyon ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye ta. Araha ba ta ado a wannan harkar, kuma kuɗin ciro sumo daga rijiya da sake naɗa masa koyil ya ninka abin da ka rage a shago.

Matsala ta biyu ita ce ƙafewar rijiya, kuma ina so ka fahimci dalilin da ya sa obalod ba ya ganinta. Idan ruwa ya ƙare, nauyi ya sauka daga kan injin, sai amfiyarsa ta ragu maimakon ta ƙaru, obalod kuwa ƙari kaɗai yake ji. Ga shi sumo ruwan da ke wucewa ta jikinsa ne yake sanyaya shi yake kuma sulɓa masa cikin famfo, don haka in babu ruwa cikin mintuna kaɗan robobinsa za su fara narkewa. A ƙasarmu ruwan ƙasa yakan yi nisa a ƙarshen rani, wajen Afrilu da Mayu, daidai lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa kuma kowane maƙwabci yake ja. Hanya biyu ce. Ko dai a zura ƙarafan jin ruwa guda uku cikin rijiya a haɗa su da na'urarsu, na ƙasa ya tsaya kaɗan sama da bakin tsotson sumo, ko kuwa a saka na'urar da ke kashe inji idan amfiyarsa ta faɗi ƙasa da abin da aka saita. Ta biyun ta fi sauƙi idan sumo ya riga ya shiga, tun da ba sai an zura komai ba. Ka auna amfiyar injin yana cikin aiki, ka saita ta ta yanke idan ta sauka zuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na wannan, ka kuma ba ta hutun aƙalla rabin awa domin rijiya ta sake tara ruwa. Yanzu akwai na'urori a kasuwa da suka haɗa tsaron bolt da na ƙafewa a jiki ɗaya, kuma babu laifi a yi amfani da su muddin kontakta suke kunnawa.

Taimar da za ka saka ita ce mai allo da maɓallai wadda ake maƙalawa a kan layin ƙarfe na cikin akwati, mai ƙaramin batiri a ciki. Mai juyawa kamar faifai wadda ake danna wa haƙora ba ta dace da mu ba, domin mafi yawansu suna tsayawa idan an ɗauke wuta, kuma in aka yi awa shida babu wuta to agogonta ya koma baya da awa shida. A saman tanki kuma ka saka fulot, wato makunnin da ke yawo a kan ruwa, wanda ke buɗewa idan tanki ya cika.

Haɗin ƙananan wayoyi shi ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: duk masu tsaron nan a jere suke a kan waya ɗaya, kowanne yana da ikon yanke ta. Waya mai 1.5mm² ta isa. Ka ɗauko wuta daga bayan RCD ka shigar da ita ƙaramar bireka mai amfiya 2 zuwa 6. Daga nan ka raba ta biyu. Reshe na farko ya ciyar da taima da na'urorin tsaro, domin su kasance a kunne muddin akwai wuta. Reshe na biyu ya shiga bakin na'urar bolt, ya fito ya shiga lamba 95 ta obalod, ya fito ta 96, ya bi ta bakin na'urar ƙafewa, ya hau tanki ya bi ta fulot, ya dawo ya shiga makunni mai matsayi uku: hannu, kashe, da taima. Ɓangaren taima zai bi ta bakinta mai rufewa idan lokaci ya yi, ya tafi A1 na kontakta. Ɓangaren hannu zai tafi A1 kai tsaye. A2 kuma ya koma nutural. Ka lura cewa makunnin hannu taima kaɗai yake tsallakewa, ba ya tsallake ko ɗaya daga cikin masu tsaro. Na sha ganin akwatunan da aka haɗa hannu kai tsaye daga bireka zuwa koyil, wai don ranar da wuta ta yi rauni a samu a tilasta wa inji, kuma ranar ce injin yake mutuwa. Lambobin bakunan taima sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka zanen da ke jikinta za ka bi. Wayar fulot kuma tun da bolt 230 take ɗauke da shi zuwa saman tanki, a zura ta cikin bututun roba, kuma kada a yi mata mahaɗa a cikin tanki. Idan ka ƙara fitila ja a kan lamba 97 da 98 na obalod, da ka iso gona za ka san ko ya faɗi tun kafin ka buɗe murfi.

Saita lokaci kuwa sai ka fara da awon ruwa. Ka tara jarka mai lita 25 a bakin bututun da ke shiga tanki. Idan ta cika cikin daƙiƙa 30, injinka yana ba da lita 50 a minti, tankinka mai lita 5,000 kuma zai cika cikin minti 100. Amma tun da ka ce wuta ba ta da lokacin zuwa, idan ka saita taima a kan minti 100 cif kuma aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, ranar ta wuce ka. Abin da ya fi shi ne ka buɗe lokaci mai faɗi, misali daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, ka ƙara wani da hantsi, ka bar fulot ya tsayar da inji idan tanki ya cika. Tsakar dare wuta ta fi ƙarfi saboda masu amfani da ita sun ragu, akwati ma ya huce. Ka bar daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma a rufe. Idan wata rana ka so ka riƙa tura ruwa fangali kai tsaye ba ta tanki ba, lissafin ya canja, domin babu fulot da zai tsayar, kuma albasa ba ta son ruwa ya kwanta mata. A nan sai gajerun lokuta, da sassafe ko da yamma liƙis lokacin da rana ba ta shanye ruwa.

Akwatin kansa na ƙarfe ne mai roba a bakin murfi, mai lamba IP54 ko sama, wato alamar hana ƙura da feshin ruwa shiga, kimanin santimita 40 a 30. Kada ka yi na katako. Ka kafa shi a inuwa, nesa da ranar yamma, sama da ƙasa da mita ɗaya da rabi saboda ruwan damina a fadama. Duk wayoyi su shiga ta ƙasa ta cikin robar da ke matse waya, kuma kada a bar ko ƙaramar kafa, domin ƙadangare da zanzaro da tururuwa suna son ɗumin wurin, ƙurar hunturu kuma idan ta shiga cikin kontakta takan sa ta riƙa ƙugi. Ka sa kwaɗo saboda yara. Jikin akwatin da murfinsa da wayar ƙasa ta sumo duk a haɗa su da sandar ƙasa mai rufin tagulla, wadda aka kafa aƙalla mita ɗaya da rabi. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau, don haka ka kafa ta inda ruwan tanki yake zuba, wurin da ba ya rabuwa da danshi. Idan layin wutarka ya ratso fili mai nisa, ƙara na'urar kare tsawa a bakin shiga yana da amfani, domin taima da na'urorin tsaro su ne suke fara mutuwa a hadarin farkon damina.

Haɗa cikin akwatin a kan tebur, babu wuta, aiki ne da mai natsuwa zai iya. Amma jona shi da layi da gwada wayar ƙasa, shawarata ita ce ka kira mai aikin lantarki da ke da shaidar ƙwarewa, irin wadda hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya take bayarwa, ya duba aikin kafin a ba shi wuta. Gwajin farko da ƙwan fitila ake yi a madadin inji. Ka juya makunni zuwa hannu ka ji kontakta ta kama da ƙara ɗaya tsaf. Sa'an nan ka gwada masu tsaro ɗaya bayan ɗaya: ka danna maɓallin gwaji na obalod, ka ɗaga fulot da hannu, ka ɗaga iyakar ƙasa ta na'urar bolt sama da wutar da ke akwai, ka danna maɓallin RCD. Kowanne dole ya kashe fitilar. Wanda bai kashe ba an tsallake shi a haɗi, kuma sai an gyara kafin a ci gaba. Bayan an jona sumo a auna amfiyarsa da mitar da ake maƙala wa waya, ka rubuta adadin a cikin murfi tare da zanen haɗin. Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki ka kashe daga tushe, ka gwada ka tabbatar babu wuta, ka kuma tuna cewa kafasita tana iya riƙe wuta bayan an kashe.

Idan janareta za ka haɗa, sai ta canjoba, kuma ƙarfinsa ya kai kusan ninki uku na injin, wato wajen 3.5kVA ga naka, in ba haka ba ba zai iya tayar da shi ba. Idan ka koma sola mai inbata ta famfo, kada a saka kontakta tsakanin inbata da sumo, domin yanke wuta a nan yana lalata inbata. Tana da ƙananan bakuna na umarni, can ake kai taima da fulot. Wanda injinsa na layi uku ne kuma sai ya ƙara na'urar da ke jin ɗaukewar layi ɗaya ko juyewar layuka.

Wannan tsarin na famfon ruwa ne da fankar ɗakin kaji da makamantansu, waɗanda babu hannun mutum a kusa da abin da ke juyawa. Kada a ɗora shi a kan injin niƙa ko na yankan ciyawa ko duk wani mai bel a fili, domin injin da ke tashi da kansa ba ya sallama, kuma wanda ya ga an ɗauke wuta ya sa hannu yana share ciki ba zai san lokacin da za ta dawo ba. Irin waɗannan maɓallin kunnawa da na kashewa ake yi musu, yadda in wuta ta ɗauke ba za su tashi ba sai an sake dannawa. Ko a rijiyar taka, ka rubuta a jikin akwatin cewa injin yana tashi da kansa.

Bayan mako biyu da fara aiki ka kashe wuta ka sake ɗaure kowace ƙusa, domin tagulla takan saki idan ta yi zafi ta huce, kuma sakakkiyar ƙusa ce ke baƙanta bakin kontakta. Daga nan sai sau ɗaya a wata ka danna maɓallin RCD, ka hure ƙura, ka duba ko agogon taima yana daidai, ka kuma sake auna amfiya ka gwada da wadda ka rubuta a murfi. Idan ta ƙaru, yashi ne ko wuta ce ta yi rauni. Idan ta ragu kuma ruwa ya ragu, to rijiya ce ta ja baya, sai ka rage tsawon lokacin aiki ka raba shi kashi biyu ko uku a dare.